Giyabos ɗin Maman Ƙwai

Giyabos ɗin motarmu ya mutu a ƙofar gidan burodi, da ƙwai maƙil a kujerar baya, garanti kuwa bai daɗe da ƙarewa ba.

Matata ce ke tuƙi. Ta kira ni ina shago, wuta a hannuna, ta ce, "Maigida, motar nan ta ƙi gaba ta ƙi baya. Inji sai ihu yake kamar an taka masa ƙafa."

Na ce, "Mai ne ya ƙare miki."

Ta ce, "Wanda ba shi da mai ne ke ihu? Ka taho kawai."

Ni mai walda ne. Ƙofa, taga, gado, kejin kaji, duk abin da wuta ke liƙewa ina yi. Makaranta ban yi nisa ba, amma kafin walda na daɗe ina jan akori-kura, don haka in ana zancen mota ba a baya nake zama ba. Ita kuwa matar tawa kaji take kiwo a bayan gida. Kullum da sassafe za ta loda ƙwai kiret-kiret ta zaga masu shaguna, ta fara da gidan burodi, don shi ne babban cinikinta. Duk unguwa Maman Ƙwai ake ce mata, har 'ya'yan da ta haifa. Da girmanta ta koyi tuƙi, a kan otomatik, birki da totur ke nan, ba ruwanta da kuloci. Gajera ce ƙwarai, sai ta ɗora filo a kujera take hango titi. Amma a faɗi gaskiya, ba ta taɓa goga wa kowa mota ba. Ni na goga wa mutum biyu.

Motar ba sabuwa dal muka saya ba. Irin waɗanda kamfani ke karɓa a hannun mutane ne, ya gyara, ya sake sayarwa da takardar garanti. Tare muka haɗa kuɗin, muka raba yini, safiya tata, yamma tawa.

Na kira Dogo, bakaniken da muka taso tare tun muna yawo ba takalmi. Sunan ya bi shi, don sai ya sunkuya yake shiga shagona. Ya zo ya saurari kukan injin, ya leƙa ƙasa, ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Giyabos." Ya faɗa ne yadda likita ke cewa sai haƙuri. Muka kwashe ƙwan muka shigar wa mai burodi, aka ja motar zuwa garejin Dogo, ni da matata kuma muka ɗauki takardar garanti muka nufi kamfani.

Wurin nasu sanyi kamar cikin firji, daɓen ƙasa kana ganin fuskarka. Wani saurayi da ya yi zanzaro ya tarbe mu da murmushi, ya ba mu ruwa a kofi, ya danna kwamfuta.

Ya ce, "Baba, garantinku ya ƙare tun ƙarshen wancan watan."

Na ce, "Na farko dai ni ba babanka ba ne, ban kai ba. Na biyu, ƙarfe ya san wata ne? Ai lalacewar tun tana cikin garanti ta fara."

Ya ce, "To ai da kun kawo ta a lokacin, ranka ya daɗe. Da ko kwabo ba za ku biya ba."

Matata ta juyo ta dube ni, ta kurɓi ruwanta.

Ga dalilin kallon. Tun watannin baya ta fara min ƙorafi wai ƙwai na fashe mata a mota, kullum sai ta tarar wasu sun tsage, alhali da ba haka ba. Ta ce in motar za ta canza giya sai ta ɗan zabura kamar an tsikare ta. Ta ce mu kai kamfani su duba tunda kyauta ne. Na hau na zaga gari da ita, ban ji komai ba. Wanda ya ja akori-kura bayansa ya riga ya mutu, ba ya jin irin wannan ƙaramin abu. Na ɗauki ƙwai ɗaya na ƙwanƙwasa da farce, na ce mata ba mota ba ce, kajinta ne ɓawon ƙwansu ya yi laushi. Da kaina na je na sayo buhun garin ƙashi aka riƙa zuba musu a abinci. Kaji suka yi ɓul-ɓul, ɓawo ya yi tauri har mai burodi na cewa sai ya buga sau biyu yake fashewa. Tsagewar ta ragu, na ce mata kin gani ko. Har gobe ina nan a kan cewa kajin ma da nasu laifin.

Na tambayi saurayin kuɗin sabon giyabos. Ya juyo min da kwamfutar. Na duba, na matso na sake dubawa, na ce, "Wannan da wata motar za ku haɗa min?"

Ya ce, "A'a, giyabos ɗin ne kawai. Ban da kuɗin aiki."

Na ajiye masa ruwansa ban ƙarasa sha ba, kada a sa a lissafi.

Da muka koma gareji Dogo ya riga ya tsiyaye man giyar a cikin wata yankakkiyar jarka. Ya miƙo min ya ce in sansana. Baƙi wuluk, yana ƙauri kamar tukunyar da aka manta a wuta.

Ya ce, "Wa ke kashe motar nan a gangara?"

Gidanmu a kan tudu yake. Daga ƙofar gida har shagona, har kasuwar 'yan ƙarfe, gangara ce miƙaƙƙiya. Tun ina jan akori-kura na saba, in na hau gangara sai in cire giya in sa firi, in kashe inji, mota ta sulale da kanta, sai na kai ƙasa in tayar. Gangara kyauta ce, ban ga dalilin da mai hankali zai ƙona mai a kanta ba.

Na ce, "Ni ne. Sai me?"

Ya nuna jarkar da ƙafa. "Sai wannan. Otomatik in inji ya mutu, famfon da ke zagaya mai a cikinta shi ma ya mutu. Taya na juyawa, ƙarfe na cin ƙarfe a bushe. Ka yi tsimin man kofin shayi, ka cinye giyabos."

"Akori-kurata shekara nawa ina mata haka ba ta ce komai ba?"

"Akori-kurarka jaka ce. Kai ma da jakar ka fi dacewa."

Matata na zaune a benci tana fifita da takardar garanti, tunda yanzu amfaninta ke nan. Ta ce, "Dogo, Allah ya yi maka albarka. Ɗan ƙara ɗaga murya, injin walda ya toshe masa kunne."

Na yi kamar ban ji ba, na ce ya faɗi mafita.

Ya ce sabo dai mun ji kuɗinsa. Gyaran wannan kuwa ya buɗe ya gani, ciki ya zama gari, in ya ce zai haɗa min to cin kuɗina kawai zai yi mu ɓata. Akwai na gwanjo, wanda aka ciro daga wata motar, sai dai sa'a ce. Sannan ya ɗan sosa ƙeya ya ce akwai kuma wata hanya, a cire otomatik ɗin gaba ɗaya a mayar da motar mai giyar hannu. Ya fi araha, ya fi ƙarko, kuma ko daga kan dutse na gangaro da ita a kashe ba abin da zai same ta.

Ban bari ya rufe baki ba na ce, "Shi za a yi."

Matata ta daina fifita. Ta ce, "Ni fa?"

"Ke me?"

"Wa zai tuƙa?"

"Ki koya mana. Mutum nawa suka koya? Su kai biyu gare su?"

Na kuma faɗa a gaban Dogo, don a samu shaida, cewa daga ranar kuɗina ba za su sake shiga otomatik ba. Ni in na faɗi magana ba na lashe ta.

Kafin a yanke shawara sai ta koma ɗaukar shatar tasi. Direban da ta samu bai san bambancin rami da titi ba, kuma agogonsa daban da na duniya. Ranar da ya zo da wuri ƙwai ya fashe, ranar da ƙwai ya tsira ya makara, ribar kuma ta tafi a kuɗin shata. Mai burodi mutumin kirki ne, amma ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa tanda ba ta jiran kowa, in abin bai daidaita ba zuwa ƙarshen wata zai koma wa wata gona mai motar kanta. In kuwa gidan burodi ya tafi, sauran shagunan ba za su ciyar da kajin ba. Ta dawo gida ta faɗa min haka tana wanke kiret, ba ta ko ɗago ba.

Na ce to a gaggauta koyon. Dogo ya ara mana tsohuwar motarsa mai giyar hannu, muka tafi filin ƙwallo da rana tsaka, lokacin ba kowa. Ta fito riƙe da kiret guda cike.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Ai ba yawo zan koya ba, aiki zan koya. Riƙe."

Na ɗora a cinya. Matsalar farko, ƙafarta ba ta kai kuloci ƙasa. Muka jawo kujera har ta kusa rungume sitiyari, filo a ƙasa, filo a baya, duk da haka da ɗan yatsa take taɓo shi.

Na ce, "Wannan ba komai ba ne. Zan liƙa wa fedar ƙarfe ta ƙara tsawo."

Ta ce, "Ka liƙa min a ƙafar mana ka huta, in riƙa shiga unguwa da shi."

"Bar surutu. Taka kuloci. Sa lamba ɗaya. Yanzu saki a hankali. A hankali na ce, kamar kina kwantar da jariri."

Mota ta yi tsalle ta mutu. Kiret ya daki haɓata. Muka sake, ta mutu. Muka sake, ta yi baya, don ribas ta sa. Can dai Allah ya taimaka ta tashi, muka fara rarrafe a tsakiyar fili, matata har da ɗan murmushi. Na ce sa lamba biyu. Giya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta firgita ta saki kuloci gaba ɗaya, mota ta hau tsalle kamar kwaɗo ta nufi raga. Ta take birki da iya ƙarfinta. Kiret ya kife a jikina. Gwaiduwa ta bi wandona har cikin takalmi.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta fashe da dariya har ta kwanta a kan sitiyari, hon na ta ƙara. Da ƙyar ta iya cewa, "Maigida, garin ƙashin naka yau bai yi aiki ba."

Da dariyar ta lafa sai ta zare makulli ta riƙe a hannu. Ta ce, "Tsaya ka ji. Ka tuna yadda nake kafin motar nan? In tsaya bakin titi da kiret ina ɗaga wa tasi hannu, ko in jira ka gama walda ka kai ni kana tsaki. Gwiwar nan tawa ta hagu ka san halinta, ko matakala sai na dafa bango. Ko na koya, ba zan iya cunkoson safe da kuloci ba. In ka sa giyar hannu, motar ta zama taka kai kaɗai. In haka kake so, faɗa min yanzu in nemi mai sayen kajin, kada in yi ta wahalar banza."

Ni mutum ne mai amsa a baki. Amma in kana zaune cikin ɗanyen ƙwai magana ba ta fita da ƙarfinta. Na ce, "Ban ce na janye ba. Amma a je gwanjo a leƙa. Leƙawa kawai."

Washegari mu uku, har da Dogo, muka shiga kasuwar 'yan gwanjon kayan mota. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, giyabos jere reras a kan katako, an wanke kowanne da fetur yana sheƙi. Mai shagon farko ya dafa ɗaya ya ce, "Yallaɓai, wannan ka same shi ka huta. Wata tsohuwa ce ke da motar, daga gida sai asibiti."

Muka matsa gaba. Na biyu ya buga nasa da sifana ya ce in ji ƙarar lafiya. Wata tsohuwa ce ke da motar, daga gida sai asibiti.

Na uku yana buɗe baki ya ce, "Wata tsohuwa ce..." matata ta ƙarasa masa, "Daga gida sai asibiti."

Ya washe baki ya ce, "Mama, ashe kin san ta."

Dogo ya ja mu gefe ya ce duk ɗaya suke a ido, ba a sanin na kirki sai an ɗaura an hau titi. In bai yi ba a sauke a dawo a canza, kowane hawa da sauka kuma da kuɗin aikinsa, don shi abota ba ta kwance masa noti. Na ce kin ji ko, shi ya sa na ce giyar hannu. Muna tafe za mu fita kasuwar sai matata ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har mai baro ya kusa ture ta.

Ta ce, "Ni fa na san tsohuwar."

"Wace tsohuwa?"

"Ta gaske."

Ashe cikin masu sayen ƙwanta akwai wata nas da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Motarta irin tamu ce sak. Iskar damina ta kayar da bishiya a tsakar gidanta, ta faɗa kan motar, tun lokacin tana nan a rufe da tamfol. Kuma ita kam da gaske daga gida sai asibiti, don can ta yi aikinta har ta gama.

Muka je da yamma, ni da Dogo a kan babur ɗinsa, matata a tasi da rabin kiret ɗin da Sista ta saba karɓa. Tsohuwar na zaune a baranda, tabarau a karan hanci, murya kamar tana kiran mai layi na gaba. Ta amsa gaisuwar matata da "sannu 'yata", ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai ne mai garin ƙashin?"

Na ce ni ne. Me zan ce? An riga an kai labarina.

Dogo ya yaye tamfol. Rufin ya lotsa ya sauko har ya kusa taɓa kan kujeru, gilashin gaba babu, amma daga bonet zuwa gaba ko ƙwarzane. Ya ɗaura batir ɗin da ya zo da shi, ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Ya zaro ma'aunin man giya ya goga a farin tsumma, ja garau, ba ƙauri.

Ya ce, "Man na da kyau. Amma mai ba ya magana, sai an hau."

Ya buɗe ƙofa zai shiga. Kansa ya shiga, kafaɗa ta ƙi. Ya gwada ta baya, ƙafafu suka shiga, saura ya rage a waje. Na ce matsa ka gani. Ni na samu na zauna, amma kunnena na kan kafaɗata, abin da nake hange kawai rediyo. Da ƙyar Dogo ya zaro ni. Na ce bari in je shago in ɗauko injin yanka in fille rufin.

Sista ta ce, "Ka yanka, ka saya."

Sai matata ta miƙo min jakarta ta ce, "Riƙe min." Ta sunkuya ta shige, ba filo ba komai, ta zauna daram, har da sauran wuri tsakanin kanta da rufi. Shekara da shekaru ina tsokanarta da gajarta, ranar na ga inda aka yi ta domin shi. Ta tsakanin sitiyari take leƙen hanya.

Ta ce, "Sista, a ara min ɗan farantin kofin shayi."

Aka kawo. Ta ce in ɗauko ƙwai ɗaya daga rabin kiret ɗin. Ta ajiye farantin a kujerar gefenta, ta ɗora ƙwan a tsakiya.

Dogo ya ce, "Maman Ƙwai, wannan kuma na mene ne?"

Ta ce, "Shi ya fara gaya min wancan ya lalace, ba a saurare shi ba. Yau shi za a tambaya."

Ta fita daga gidan a hankali, mu kuma muka bi ta a babur, Dogo na tuƙi yana karkata kunne wajen motar. Daga waje ba ka ganin kowa a ciki. Lotsattsiyar mota ce kawai ke tafiya da kanta a kan titi. Wani mai keke ya hango ta, ya yar da keken ya haye dakali. Masu shaguna suka fito suna nunawa. Ita ko a jikinta. Da ta kai miƙaƙƙen titin bayan unguwa ta ba ta wuta, har Dogo ya sha wuyar kamo ta, ta rage, ta sake ba ta wuta, ta hau tudun makaranta ta sauko. Na kasa kunne in ji inda giya za ta buga, don in samu abin faɗa. Ban ji ba. Ta dawo ta shige gidan Sista da ribas, ta tsaya daidai inda ta ɗauke ta.

Muka leƙa ta taga. Ƙwan na zaune a tsakiyar faranti kamar an liƙa shi da walda.

Dogo ya ce, "Ni dai ban ji canji ko ɗaya ba. In wannan ne, yau ma na ɗaura."

Na ga abin na neman wucewa ba tare da ni ba, na ce a bar min ciniki. Na gyara tsayuwa na ce, "Sista, tsakani da Allah wannan ai gawa ce. Taimaka miki za mu yi mu cire abin da zai ciru, ki samu na cefane."

Ta sauke tabarau ta goge da gefen zane, ta mayar. Ta ce, "Ɗana, shekarun da na yi ina yi wa maza masu taurin kai allura sun fi waɗanda ka yi kana walda. Duk da surutu suke shigowa, kuma duk sai da suka kwanta."

Ta ce ba ta sayar da giyabos shi kaɗai a bar mata kwarangwal a tsakar gida, mai so ya kwashi motar gaba ɗaya. Ta faɗi kuɗinta, ta ce ba ragi. Sannan ta nuna ɗaya bishiyar da ta rage a gidan, ta ce ɗanta zai sayo mata wata motar, kuma ba za ta sake kwana tana sauraron iska ba. Rumfar ƙarfe take so, mai kauri, wadda ko bishiya ta faɗo sai dai bishiyar ta ji ciwo. An gaya mata ni ne gwanin wannan.

Na ce, "Ni fa na riga na faɗa gaban shaida, kuɗina ba za su shiga otomatik ba."

Matata, tana cikin motar har lokacin, ta leƙo ta taga ta ce, "Wa ya tambayi kuɗinka? Kuɗin nawa ne. Kai ƙarfe aka ce."

Na auna maganar na ga rumfa daban, otomatik daban. Maganata ba ta faɗi ba ke nan. Na ce a kawo tef in gwada wurin.

Ta sayar da tsofaffin kajinta waɗanda ƙwansu ya fara ja baya, ta haɗa da abin da ta tara, ta biya Sista. Dogo ya sauke giyabos ya ɗaura a tamu, ya sayar da injin waccan da ƙofofi da fitilu ya cire kuɗin aikinsa a ciki. Ni kuma na yi ta fama da rumfa, Sista na zaune a baranda tana duba kowane liƙi ta saman tabarau, in ta ga wanda bai mata ba ta ce a sake. Wata bai ƙare ba motar ta koma ƙofar gidan burodi tun tanda ba ta yi zafi ba.

Ranar da aka dawo da motar gida, da yamma ta yi na miƙa hannu kan ƙusar da muke rataye makulli. Wayam. Na same ta a bayan gida tana zuba wa kaji ruwa, makullin na lilo a wuyanta da igiya.

Na ce, "Yamma ta yi."

Ta ce, "Na gani. Bodi namu ne, inji namu ne, tayoyi ma namu ne. Giyabos nawa ne, da kajina na saya. Ka hau motarka duk lokacin da ka ga dama, amma kada ka taɓa min giyabos."

"Ta yaya mota za ta tafi ba giyabos?"

"Sai ka kashe inji ka bi gangara. Ai ka iya."

Na kai ƙara wajen Dogo, ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa, ya ce shi bakanike ne ba alƙali ba.

Yanzu ita ke sauke ni a shago kowace safiya, in zan sayo ƙarfe da yamma ita ke kai ni. Ina zaune a gefe, kiret ɗin da bai samu wuri a baya ba yana kan cinyata. In mun hau gangara inji na ta aiki yana shan mai a banza, sai in juya kai in kalli taga, don ba na iya gani.

Giyabos ɗin dai ya ci mata dubu ɗari shida da tsofaffin kajinta a ciki. Ni ya ci min rumfar ƙarfe guda, da wando ɗaya, da kujerar direba.